Kyauron Garin Lanying

Bo Shouhai yankan kyauro ya gada, a kansa kuma ya tsufa. Ƙauyensu na can inda Rawayan Kogi ke juye lakarsa cikin teku, ƙasar da ba ta da tudu sai wanda mutum ya tara da hannunsa. Idan sanyi ya kama har fadama ta daskare, maza su shiga da lauje, su sare, su ɗaure dami-dami, motar kamfanin takarda ta zo ta kwashe. Abin da ya rage mata su saƙa asabarin rufin ɗaki da shi. Idan ɗumi ya dawo, a koma kan kududdufan jatan lande. Haka shekara take juyawa a wurin, tasa ma haka ta yi ta juyawa.

Ba shi da yawan magana. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, fatar tafin hannunsa ta yi kaurin da ganyen kyauro ya daina yankarta tun yana saurayi. In ana hira a ƙofar shago yakan tsuguna gefe da sigarinsa, a yi dariya ya yi, a tashi ya tashi.

Abu ɗaya ya taɓa yi da ya fita daga na mutane: daga nesa ya auro matarsa. Wata shekara da aiki ya yi wuya, aka kwashi samarin ƙauye zuwa wani babban tafki can sama da kogi, ƙasar da ba a san teku ba, su yi ƙodagon yankan kyauro. Sauran samarin suka dawo da hulunan gashin tumaki. Shouhai ya dawo da Dou Lanying.

Doguwa ce, mai kaifin baki. Ranar da ta iso ta ɗebi ruwan rijiya ta kurɓa, ta furzar. Washegari ta sa aka jera mata randuna ƙarƙashin indararo. Daga ranar, da ruwan sama take dafa shayinta, in ya ƙare ta sha na rijiya tana yamutsa fuska. Ta koyi saƙar asabari, ta koyi ɓare ƙaguwa, ta haifi 'yarsu Suqin, harshenta ma ya karkata ya koma na mutanen bakin teku. Amma ita da kyauron wurin ba su taɓa shiri ba.

Shi kyauron da ke fitowa inda ruwan gishiri ke hawa yana sauka ba ya tsawo. Gajere ne, mai tauri, ganyensa a miƙe, in ka lasa ka ji gishiri.

"Baban Suqin," takan ce, "wai wannan kuke kira kyauro? A garinmu ko tsintsiya ba a yi da shi."

"Shi ya rufa miki ɗakin da kike ciki."

"Ai na gani. Shi ya sa nake kwana da kwano a gefen gado."

Duk farkon watan biyar ƙanenta yakan aiko mata da busassun ganyen kyauro daga tafki. Ta jiƙa su, ta ƙunshe gero mai danƙo da jar magarya a ciki, ta dafa zongzi cike da tukunya. Ƙamshin yakan tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabcinsu, Gai Na-uku, shi kuwa ba ya jiran a kira shi.

"Matar yaya, aron igiya na zo."

"Igiyar a tukunya take? Zauna, marar kunya. Ta bara ma ba ka mayar ba."

Haka aka yi shekaru, har gashin dukansu ya yi fari, Suqin ta yi aure ta koma birni.

Ciwon da ya ɗauki Lanying bai ja ba. Kafin ta daina magana ta kama hannun rigarsa ta ce, "Na san inda za ku kai ni. Kar ka bar ni a tsakiyar tsintsiyar nan. Ka samo mini na gidanmu." Ya ce to. Ita ce maganar, ba ta ƙara ba, shi ma bai ƙara ba.

Kaburburan gidan Bo suna kan wani tudu da kakanni suka tara a bakin fadamar gishiri. A nan ya gina ɗan ɗakin bulo mai gida biyu, ya rufe da ƙasa. Aka ƙona gawarta kamar yadda ake yi a wurin, akwatin tokarta ya shiga gidan yamma. Na gabas aka bar shi wayam, nasa ne, ranar da lokaci ya yi a buɗe a sa shi, a mayar da ƙasa. Miji gabas, mata yamma, haka iyayensa suke kwance, haka kakanninsa. Bai taɓa son wani abu mai yawa a duniya ba, amma wannan gurbin yana sonsa.

Gabas kuwa teku ce.

Da can tekun tana da nisa, sai an yi tafiya cikin laka kafin a ga ruwa. Amma kogi ya sauya baki ya koma zubar da lakarsa a wani wuri, teku kuma ta shiga karɓar abin da aka ci mata. Kowace kaka, in ruwa ya yi babbar hawa, sai a ga ya matso. Shugabannin ƙauye suka gina wani zaure a bakin titi, mai kantoci jere har sama, suka ce kowa ya kwaso matattunsa ya kawo inda ruwa ba ya kaiwa. Gidaje suka yi ta kwasowa. Ƙannen Shouhai suka tone iyayensu suka kai. Shi ya taya su ɗauka, amma Lanying bai taɓa ta ba.

"Yaya," in ji Gai Na-uku, "kanta ce mai kyau, har da gilashi. Ni na riga na zaɓi tawa, kusa da taga."

"Ita ba ta son cunkoso."

"A tudun nan kuma da wa za ta yi faɗa? Da ƙaguwa?"

"Da ni, in na zo."

Da ƙanƙara ta narke ya hau jirgin ƙasa ya tafi tafki. Surukinsa, ƙanen Lanying, wanda shi ma ya tsufa, ya shiga ruwa da shi har gwiwa, suka tono saiwoyi farare masu gaɓa-gaɓa, suka naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. A jirgi bai yarda ya sa buhun a ƙasa ba, kan cinyarsa ya zauna har gida.

Sannan ya yi abin da kowane manomi zai yi kafin shuka: ya yi sharar wuri. Kyauron gida ya kewaye tudun ta ko'ina, ya fi kauri ta gefen teku. In ya bar shi, zai shaƙe baƙon. Ya ɗauki shebur da magirbi ya fara tona. Aikin ya ba shi wuya fiye da yadda ya zata. Daga sama tsiron bai kai ƙugu ba, amma a ƙasa saiwoyin sun sarƙe da juna kamar tabarma, wata kan wata, sun riƙe laka gam. Yana sara suna ƙara fitowa. Ya yi ta jido su yana tarawa har suka yi tsibi, ya bari suka bushe, ya cinna musu wuta.

Gai Na-uku yana tsugune kan madatsa yana kallo.

"Yaya, abin da ya ƙi fita haka, ka tabbata zaman banza yake yi a wurin?"

"Sauko ka kama mini, ko ka tafi."

Gai ya sauko ya kama.

Suka dasa baƙon a jere, zagaye da tudun. Aka yi sa'a ruwan sama ya sauka da wuri. Tsiron ya fito kore shar, siriri, mai laushi, yana rangaji ko iska kaɗan ce. Shouhai yakan zo da hantsi ya zauna kan bulo ya yi ta kallo. Ranar sharar kaburbura da ake yi duk shekara Suqin ta zo daga birni, ta ga koren, ta yi kuka, ta ce da Inna ta gani da ta ce yanzu aka yi abin kai.

Da zafi ya yi ƙarfi, ruwan sama ya ɗauke, farin gishiri ya fito kan laka kamar an barbaɗa gari. Bakin ganyen ya fara ƙonewa. Ruwan teku ya hau ya sauka, ya hau ya sauka. Kafin kaka tsiron ya koma launin toka, in ka ja shi sai ya biyo hannunka, saiwar ta yi baƙi tana wari. Gefen gabas na tudun, wanda yanzu ba abin da ke riƙe da shi, ya zaizaye kaɗan. Shouhai ya kawo ƙasa a baro ya cike.

Bai ga laifin tsiron ba, nasa ya gani. Duk wanda ya yi kiwon jatan lande a wurin ya san ba a ɗauko 'ya'yan daga ruwan da aka ƙyanƙyashe su a juye kai tsaye cikin kududdufi. Mutuwa za su yi. Ana sauya musu ruwan ne kaɗan-kaɗan, yau a surka, gobe a ƙara, har jikinsu ya karɓa. Ya sha yin haka da hannunsa. To shi ya ɗauko ɗan tafki ya jefa a gishiri rana ɗaya, me yake jira?

Ya aika wa surukinsa, aka sake turo saiwa. Wannan karon randunan Lanying ya jawo daga ƙarƙashin indararo, ya zuba laka, ya dasa a ciki. Randa ta farko ruwan sama zalla. Ta biyu da ɗan ludayin ruwan teku. Haka har ta ƙarshe, wadda ya kai ta kusan ɗanɗanon fadama. Tsiro ya yi kwanaki a wannan, ya ɗaga shi ya mayar waccan. Da yatsa yake auna gishirin, ya tsoma ya lasa, kamar yadda yake yi a kududdufi.

"Makaranta ka buɗe?" in ji Gai, yana leƙe ta kan katanga. "Wancan na ƙarshen aji nawa yake?"

"Ya kusa fita."

"In ya fita a nema masa aiki a birni, ya fi ɗana ƙoƙari."

Waɗanda suka kai randar ƙarshe da rai ya kai su tudu ya dasa. Sun fi na bara daɗewa. Har wasu suka yi kamar za su fitar da kai. Sannan su ma suka bi hanyar 'yan'uwansu. Ya cike zaizayar da baro, ya sake aika wa surukinsa. A ransa, saurin da ya yi ne. Bana zai ja abin a hankali.

A wannan shekarar ce Malama Sui ta zo. Daga jami'a take, mace mai matsakaicin shekaru, da takalmin roba har gwiwa da hular kara. Ganyen kyauro take tsinka a wurare daban-daban na fadama, tana sawa a 'yan ledoji, tana kuma ɗibar laka. Gai Na-uku ne ke kai ta a babur ɗinsa mai ƙafa uku, kuma bakin Gai ba ya riƙe labari. Ranar da suka gama da wuri ya kawo ta gidan Shouhai ta ga makarantar.

Ta tsaya kan randunan ta daɗe. Ba ta yi dariya ba.

"Kawu, daga ina wannan?"

Ya gaya mata.

"Ka ba ni ganye ɗaya?"

Ya tsinko mata daga randar farko, wanda ya fi kyau. Ta roƙi ya kai ta tudun, ya kai ta. Ta dubi layin matattun tsiron, ta dubi gefen gabas, ta tsinki ganyen kyauron gida daga wani ɗan gungu da ya tsira can ƙasa. Ta ce sai ta duba tukuna, ba ta son ta faɗi abin da ba ta gani ba. In ta dawo ɗibar laka bayan kaka za ta biyo.

Ruwa ya riga ta dawowa. Iskar arewa maso gabas ta haɗu da babbar hawar kaka, aka yini ana jin rugugin teku daga cikin ƙauye. Da ta lafa, Shouhai ya bi madatsa zuwa tudu, laka har ƙauri. Rabin tudun babu. Gidan gabas ya rushe, bulonsa warwatse cikin taɓo, wasu ma ruwa ya tafi da su. Bangon tsakiya yana tsaye, tsirara, iska na dukansa. Bayan wannan bangon Lanying take.

Ya tsinci bulon da ya samu ya jera gefe. Ya cire rigarsa ta sama ya rufa wa bangon, ya danne da dutse. Ya koma gida ya ɗauko baro.

Suqin ta zo a motar safe, ba ta ko ajiye jaka ba.

"Baba, ya isa haka. Mu ɗauke ta mu kai zaure. In wani ruwan ya zo, ina za mu neme ta?"

"Ba zai zo ba sai baɗi."

"To baɗin fa?"

Ya sunkuya yana gyara ƙafar baro. Ta zauna ta yi masa tuwon masara da kifi, ya ci kaɗan, ta koma ba su daidaita ba.

Malama Sui ta dawo da sanyi ya fara shiga. Suka zauna a tsakar gida, shi da ita da Gai, ya dafa mata shayi da ruwan sama. Ta ce ta ji abin da ya faru. Sannan ta karya wani busasshen kara gutsi-gutsi ta jera kan benci.

"Kawu, a cikin kowane ganye akwai 'yan ɗakuna da ido ba ya gani. A kowane ɗaki akwai wasu zaruruwa da tsiro ke gadowa daga iyayensa. Kromosom muke ce musu. Ba ɗai-ɗai suke zuwa ba, dami-dami ne." Ta ware gutsattsarin gida biyu. "Na tafkin nan da ka ba ni, dami huɗu gare shi. Wanda ka tone a tudu, takwas."

"Amma duk kyauro ne."

"Duk kyauro ne. Suna ɗaya, kama ɗaya. In ka dasa su a ruwan daɗi gefe da gefe, ni ma sai na duba kafin in rantse. Amma ba gida ɗaya suka fito ba."

"Malama, ni nawa gare ni?" in ji Gai.

"Biyu, Kawu. Kamar kowa."

"Ka ji! Tsintsiya ta ninka ni har sau huɗu. Shi ya sa matata ke raina ni."

Ta yi murmushi, ta koma kan Shouhai. "Ba zan ce maka damin kaɗai ke yin aikin ba, da sauran abin da ba mu gama ganewa ba. Amma a wuraren da na auna a bakin nan, inda gishiri ya fi ƙarfi mai takwas na fi samu. Irin naka na same shi, amma can ciki, gefen kogi da bayan madatsa, inda ruwa ke da sauƙi. A tudunka ban ga alamar zai zauna ba."

Shouhai ya dubi randunansa.

"In aka ja abin a hankali fa? Kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Ba ya ƙara dami?"

"A'a, Kawu. Da wanda ya tsiro da shi yake mutuwa. Dabarar randar ba shirme ba ce, tana sa ya ɗan jure. Amma jurewa ce, iyakarta ke nan."

"Matata daga can take," ya ce. "Ta yi shekara arba'in a nan."

"Ta saba?"

Ya tuna yadda take yamutsa fuska in ta sha ruwan rijiya. Kofin shayin na hannunsa. Ya dubi indararo, da zoben da gindin randunan ya bari a ƙasa inda suka yi shekaru a jere. Gai, wanda ba a san shi da shiru ba, ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmi.

Da ta tashi tafiya ya raka ta har titi. Ya tambaye ta wane lokaci ya fi kyau a dasa na gida. Ta ce ai wannan shi zai gaya mata, ita a tukunya kawai ta taɓa dasawa.

Bai jira ɗumi ya zauna ba. Ƙanƙara na sakin laka, shi da Gai suka shiga fadama lokacin da ruwa ya janye, suka riƙa yanko kyauron gida da ƙasarsa, ƙatuwar ɗauka kamar bulo, suna jerawa a gefen gabas, tun daga gindin bangon har inda ruwa ke tsayawa. Suka kafa turaku, suka ɗaura tsofaffin asabarai don su tare laka. Gurbin da gidansa na gabas yake a da, nan ya fi cusawa, don nan ne ramin ya fi zurfi.

"Matar yaya," Gai ya ce da bangon, yana haki, "ki yi haƙuri, tsintsiyar ce muka dawo da ita. Ni ba ruwana, aike ne."

"Rufe mana baki ka miƙo wancan."

Tsiron ya kama kamar bai taɓa barin wurin ba. Ya fito gajere, mai tauri, ba kyan gani. Kowace hawa ruwa ya shigo da laka, ya fita ya bar ta a tsakanin karan. Ruwan kakar shekarar ya zo ya kwashe turaku da asabarai, ya ci gefe kaɗan, amma bai kai bango ba. Na shekarar da ta biyo bai ci komai ba. Ƙasa ta sake rufe bulon, tudun ya dawo da ƙugunsa, ko da yake bai koma yadda kakanni suka bar shi ba.

Na tafkin kuwa, randa ɗaya ya rage. Ya ɗauke ta a baro ya kai tudu, ya binne rabinta a gefen yamma, daidai kan Lanying, bakinta sama da inda ruwa ke kaiwa. In sama ta yi ruwa randar ta cika, in ta ɗauke ya kawo daga gida a jarka. Tsiron bai taɓa yin tsawon na garinsu ba, randa ba tafki ba ce. Amma kore ne, kuma yana rangaji.

Ya rage yankan kyauro da ƙafafunsa suka fara ciwo, daga baya ya bari ɗungum. Kududdufin ya bar wa ɗan ƙanensa. Zuwa tudu ne bai bari ba.

Wata ranar sharar kaburbura, bayan sun ƙona wa matattu kuɗin takarda sun zuba giya a ƙasa, Suqin ta zagaya gefen gabas ta tsaya tana kallon kyauron, wanda ya yi kauri har ba a ganin laka.

"Baba, tun da wurin ya zauna, bari in sa a kawo bulo a sake gina naka. Ba fata nake ba."

Ya ɗauki sandarsa ya caka a tsakanin karan. Ba ta shiga ba. Ya danna da nauyinsa, ta ɗan nutse ta tsaya.

"Kin ji? Sun kama bangonta ta ko'ina. Mai gini sai ya sare su kafin ya sa bulo ɗaya."

"A sare, a sake dasawa."

"Na taɓa sarewa."

Ta dubi karan. Can ta ce, "To ina za mu sa ka? Zaure?"

"Gai ya kama taga. Ba zan iya da surutunsa ba." Ya zare sandar, ya goge bakinta da ciyawa. "Ba sai an tona ba. Toka ce. Ki jira ruwa ya janye, ki zuba a nan, tsakaninsu. Akwatin ki ba wani."

"Baba, mutane za su ce mun yar da kai."

"Za su ce."

Ya ƙara shekaru kaɗan bayan wannan. Ya rasu da sanyi, lokacin yankan kyauro, motocin kamfani na wucewa ta ƙofar gida da dami har sama. Dangi suka yi ta magana. Ƙannensa suka ce ba a taɓa yi ba, namiji da gidansa da zuriyarsa a watsa shi cikin ciyawa kamar marar kowa. Suqin ta saurare su duka, ta ba kowa shayi. Ta ajiye akwatin tokarsa a ɗakinsa har ƙanƙara ta narke.

Ranar da ta kai shi, ita da mijinta ne da Gai Na-uku, wanda yanzu sai da sanda. Ruwa ya janye can nesa. Ta durƙusa a gefen gabas, ta buɗa karan da hannu, ta zuba a hankali, ƙasa-ƙasa, don kada iska ta ɗauka. Sababbin tsiro sun fara leƙowa, jajaye, masu tsini. Gai ya zuba giya, ya kurɓi saura.

"To, yaya," ya ce, "ga ka ga ta. Sai ka yi mata bayanin tsintsiyar da bakinka."

Suka tsaya har ruwa ya fara dawowa, ya shiga tsakanin karan, ya kwanta. Sannan suka hau madatsa.

Tudun na nan. Shi kaɗai ya rage a wannan gefen, sauran duk an kwashe ko ruwa ya shafe. Suqin takan zo farkon watan biyar da jarkar ruwa, ta cika randar, ta tsinki ganye. Ba su da faɗi, sai ta haɗa uku ko huɗu kafin su ƙunshe gero cokali guda. Takan dafa a tsohon gidan, ta kai biyu tudu, ɗaya yamma, ɗaya gabas. Sauran Gai ke cinyewa, yana cewa ba su kai na uwarta ba.